Ƙarar inji da tururin sinadarai: me ya sa mai bincike ɗaya ke bin su tare?

Ummu_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana lafiyar ma'aikata. Ana maganar masu binciken da suka ƙarar da shekarun aikinsu kaf kan abu biyu: ƙara a wurin aiki da shaƙar sinadarai. Ni a ganina fanni biyu ne da ba su haɗa hanya ba, ɗaya na kunne, ɗaya na huhu da jini. Me ya haɗa su? Kuma a aikace, me irin wannan mai binciken yake yi idan ya shiga masana'anta? Ina son bayani dalla-dalla, ba na sama-sama ba.

Dakta_Kunne:
Wa alaikumus salam Malama. Abin da ya haɗa su kunnen ne kansa. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, an jera mata ƙananan ƙwayoyi masu gashi kimanin 16,000. Su ne ke juya girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya za ta kai ƙwaƙwalwa, kuma a jikin ɗan Adam idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su ta hanyar gajiyarwa da karya gashin. Wasu sinadarai kuma ta jini suke biyowa su same su a can. Manya daga ciki su ne masu narkar da fenti da gam da tawada: toluwin, sitayirin, zailin, etilbenzin, tirakuloro'etilin, kabon daisalfaid. Sai iskar kabon monoksaid da hayidirojin sayanaid, waɗanda ke hana ƙwayoyin samun iskar oksijin. Sai ƙarafa irin dalma da zaiba.

To duba inda ake amfani da waɗannan: maɗaba'a, wurin fesa fenti, wurin ƙera kwale-kwalen faiba, matatar mai, wurin haɗa takalma. Kusan duk wurare ne masu ƙara. Mutum ɗaya, kunne ɗaya, maƙiya biyu.

Injiniya_Bashir:
Ƙari kan bayanin Dakta. Matsalar da ta haifi wannan fanni ita ce, dokoki sun ware wa kowanne iyakarsa kamar ɗayan ba ya nan. Mai auna ƙara zai zo ya ce desibel 83 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), lafiya lau. Wata biyu baya mai auna iska zai zo ya ce toluwin bai kai iyaka ba, lafiya lau. Rahoto biyu, kowanne ya wanke masana'antar, amma gwajin jin ma'aikata yana ta lalacewa shekara bayan shekara.

SaniTsaro:
Iyakar doka dai desibel 85 ce na awa 8 a ko'ina, in an tsaya ƙasa da ita ai an gama.

Injiniya_Bashir:
A'a Malam Sani, ba a ko'ina ba. A Amurka hukumar OSHA mai tilasta doka iyakarta 90 ce na awa 8. 85 ɗin matakin fara shirin kare ji ne. Cibiyar bincike ta NIOSH ita ce ke ba da shawarar 85. Tarayyar Turai a dokarta ta 2003 matakai uku ta sa: 80 a fara ba da abin toshe kunne da horo, 85 ya zama dole a sa, 87 iyakar da ba a ƙetarewa bayan an cire abin da toshiyar ta rage.

Kuma bambancin da ya fi wannan girma shi ne yadda ake musayar lokaci da ƙara. NIOSH na raba lokaci biyu duk ƙarin desibel 3: 85 awa 8, 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15. OSHA sai an ƙara 5 take rabawa, shi ya sa a wurinta 100 har awa 2 an yarda. Minti 15 da awa 2, ka ga ba ƙaramin rata ba ne. Na 3 ɗin shi ne ya dace da kimiyyar sauti, domin ƙarin desibel 3 ninka ƙarfin sauti ne. Inji biyu kowanne 85, in ka kunna su tare 88 za ka samu.

SaniTsaro:
Na karɓi gyara. To mai aikin awa 12 fa?

Injiniya_Bashir:
Da lissafin 3, iyakarsa ta sauko wajen 83.

Malama_Rabi:
Bari in amsa ɓangare na biyu na tambayar, wato aikin kansa. Ranar aunawa ga yadda take tafiya.

Tun kafin ranar sai an zagaya wurin, an karɓi takardun bayanan hatsari na duk abin da ake zubawa ko fesawa, an kasa ma'aikata rukuni-rukuni bisa aikin da suke yi da hannunsu, ba bisa sunan muƙaminsu ba. Wanda ake kira mai kula da inji a takarda yana iya zama shi ne ke wanke abin buga tawada da tsumma jiƙe da toluwin sau shida a rana.

Da safe kafin a fara aiki, a gwada na'urar auna ƙara ta jiki, dosimita, da abin daidaitawa mai fitar da desibel 94 ko 114 a kan 1000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kaifin sauti). A maƙala makirfon ɗin a saman kafaɗa, kimanin santimita 10 daga kunne, a ɓangaren da ya fi fuskantar ƙarar, da soson kare iska a kansa. A jikin mutumin nan dai, a ranar nan dai, a rataya masa ƙaramin famfon jan iska a ƙugu, tiyo ya hau ta baya zuwa wuyan riga, inda bututun gilashi mai gawayin da ke kama tururin sinadari zai zauna kusa da hanci. Bututun kashi biyu ne, gaba miligiram 100, baya 50. A fasa bakinsa biyu, a lura da kibiyar da ke jikinsa ta kalli famfo, a tsayar da shi a tsaye don kada gawayin ya kwanta gefe iska ta samu hanyar wucewa ba tare da ta bi ta cikinsa ba. Gudun famfon kada ya wuce lita 0.2 a minti, kuma a auna shi kafin da bayan aiki. In bambancin ya haura kashi 5 cikin 100, samfurin ya zama abin shakka.

Sannan mai binciken ba ofis yake komawa ba. Yana tsaye da littafi yana rubuta ƙarfe nawa aka buɗe durom, ƙarfe nawa aka kunna bindigar iska, yaushe mutumin ya fita hutu. Ba tare da wannan rubutun ba, lambar da na'ura ta ba ka ba za ta faɗa maka abin da za a gyara ba.

Ummu_Hanifa:
Malama Rabi Allah ya ƙara ilimi. Kashi na bayan nan mai 50, mene ne amfaninsa?

Malama_Rabi:
Shaida ne. A ɗakin gwaji daban-daban ake wanke su da kabon daisalfaid a zuba a na'urar rarrabe iskar gas. In aka samu na baya ya ɗauki abin da ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da ke gaba, alama ce gawayin ya cika, wani ya tsere, sakamakon ya yi ƙasa da gaskiya. Laima da zafi suna gaggauta hakan, don haka a wuri mai tururi da yawa gara a canza bututu kowace awa biyu da a bar ɗaya yini guda. Kuma a riƙa tafiya da bututun da za a fasa a rufe nan take ba a ja iska ta cikinsa ba, don a gane ko gurɓata ta shiga a hanya.

Abu_Zayyan:
Abin da Malama ba ta faɗa ba shi ne halin ɗan Adam. Ma'aikaci zai yi wa makirfon ihu don wasa, ko ya sa rigar sanyi a kansa, ko ya cire ya ajiye a aljihun tebur ya je ya dawo. Wani kuma zai kai bututun bakin gwangwanin tina don sakamako ya hau, wai a tausaya musu. Shugaban sashe shi kuma ranar aunawa ce zai tuna da buɗe tagogi da kashe tsohon kwamfuresa. Shi ya sa awon rana ɗaya ba ya zama hujja. A maimaita a ranaku daban-daban, da mutane daban-daban a rukuni guda, har da aikin dare da ranar wanke injuna.

HauwaLab:
Kuma iska ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Toluwin da zailin da sitayirin suna shiga ta fata. Wanda ke tsoma hannu a ciki, bututun wuyansa ba zai nuna rabin labarin ba. Dole a haɗa da gwajin jiki: fitsarin ƙarshen aiki. Ga sitayirin ana neman asid ɗin mandelik da na fenilgilayoksilik. Ga dalma jini ake ɗiba. Ga kabon monoksaid, a auna yawan wanda ya kama jan jini ko a auna numfashi, a kuma tambaya ko mutum yana shan taba, don taba kaɗai tana ɗaga shi.

Garba_Fenti:
Na toluwin kuma asid ɗin hifurik ne a fitsari.

HauwaLab:
Da can haka ne Malam Garba. An rage dogaro da shi saboda jiki na fitar da shi ko ba a shaƙi komai ba, musamman in an sha abin da aka sa wa sinadarin benzowet don kada ya lalace. Lokacin da iska ke ɗauke da kashi 100 ko 200 cikin miliyan yana nunawa, amma yanzu da ACGIH, ƙungiyar masana tsabtar wurin aiki ta Amurka, ta sauko da shawararta zuwa kashi 20, sai ya ɓace cikin na asali. Yanzu oto-kiresol ake nema, ko toluwin ɗin kansa a fitsari ko jini. In toluwin ɗin kansa ne, a cika kwalbar har baki a rufe da wuri a sa a sanyi, in ba haka ba ya gudu ya bar ka da sakamako mai kyau na ƙarya. Kuma kada a karɓi fitsarin a ɗakin da ake aikin.

Garba_Fenti:
Madalla. Tunda an zo kan fata, safar hannu ta roba ta asibiti ba ta tare toluwin. Cikin mintuna kaɗan ya ratsa, kuma ya fi muni da hannu tsirara ta wata fuska, don ya maƙale tsakanin roba da fata ba ya bushewa. Sirirriyar naitiril ma ba ta daɗewa. Sai safar da aka yi da roba ta musamman irin Viton ko PVA, ita kuma PVA ruwa na narkar da ita. Takunkumin ƙura shi ma ba ya tare tururi ko kaɗan. Sai mai gwangwanin gawayi, baƙin tambari a tsarin Amurka, ruwan ƙasa a na Turai, kuma a sa ranar canza shi a rubuce. Jiran sai an ji wari kuskure ne, hanci na sabawa.

Mai_Tarihi77:
Ku ba ni dama in ɗan koma baya, don tambayar farko ta shafi rayuwar mai bincike. Bernardino Ramazzini, likitan Italiya, a littafinsa kan cututtukan masu sana'a da ya fara fitowa a 1700 ya yi maganar maƙeran tagulla da kurumta ke kamawa saboda bugun guduma. A 1886 Thomas Barr ya gwada jin masu ƙera tukunyar tururi a Gilasgo. A ɓangaren guba kuma Alice Hamilton ta bi masana'antun dalma a Amurka ƙafa da ƙafa, har gidajen ma'aikata da asibitoci, ta zama mace ta farko da jami'ar Harvard ta ɗauka koyarwa a 1919. Amma layin biyu kowanne hanyarsa ya bi. Sai a farkon shekarun 1980 gwaji a kan ɓeraye ya nuna toluwin kaɗai, ba ƙara, yana lalata ji.

Daga cikin waɗanda suka kai maganar kan mutane akwai Thais Morata, masaniyar ji 'yar Burazil da ta yi dogon aiki a NIOSH. Bincikenta da abokan aikinta na 1993 ya kwatanta rukuni huɗu na ma'aikatan ɗab'i da na haɗa fenti a Burazil. In an gwada da waɗanda ba sa cikin ƙara ko sinadari, hatsarin raunin ji ya ninka sau 4 ga masu ƙara kaɗai, sau 5 ga masu gaurayen sinadarai, sau 11 ga masu ƙara da toluwin tare. Daga irin wannan aiki zuwa a gan shi a takardar hukuma shekaru ne masu yawa. Dokar Turai ta 2003 ta ce a lura da haɗuwar biyun wurin tantance hatsari, OSHA da NIOSH kuma sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a kai a 2018.

Dr_Lissafi:
Sau 11 ɗin nan a riƙe shi da hankali. Ma'aikatan duka ba su kai 200 ba, an kasa su huɗu, don haka tazarar rashin tabbas tana da faɗi. Alkiblar sakamakon ita ce abin ɗauka, ba lambar ba. Kuma nan ne wahalar fannin take. Ji yana raguwa da shekaru ko mutum bai taɓa shiga masana'anta ba. Taba, ciwon sukari, harbin bindiga, sauraron kiɗa da ƙarfi a kunne, tsohon ciwon kunne, duk sai an tambaya an cire tasirinsu. Ma'aikaci kuma ba kasafai yake shaƙar sinadari ɗaya ba, gauraye ne, kuma na shekara 15 da suka wuce ba wanda ya auna. Ga wata matsalar: waɗanda abin ya fi yi wa illa sun riga sun bar aikin, sai ka tarar da masu juriya kaɗai ka ce wurin ba laifi.

Dakta_Kunne:
Gaskiya ne, shi ya sa bin mutane shekara bayan shekara ya fi hoton rana ɗaya daraja, sai dai tsada da haƙuri. Gwajin farko a yi shi bayan kunne ya huta daga ƙara, OSHA ta ce awa 14, in ba haka ba za ka rubuta toshewar wucin gadi a matsayin asalin jin mutum, duk gwajin da zai biyo baya ya ginu a kan karkataccen tushe. A leƙa kunnen da fitila tukuna, dattin kunne kaɗai na iya sauya sakamako. A gwada daga 500 zuwa 8000 Hz, kowane kunne daban, a ɗaki mai shiru na gaske. Alamar ƙara ita ce rami a zanen sakamakon gwajin wajen 3000 zuwa 6000, galibi 4000, sannan ya ɗan farfaɗo a 8000.

Inda sinadari ke ruɗa mutane: zanensa na iya kama da na ƙara sak, sai a ɗora wa ƙara laifin duka. Kuma wasunsu ba katantanwa kaɗai suke taɓawa ba, har jijiya da ƙwaƙwalwa. Mutum zai ji ƙaramin sauti a ɗakin gwaji ya danna maɓalli daidai, amma a cikin taro ya kasa tsintar magana. Don haka ake ƙarawa da gwajin fahimtar magana cikin hayaniya, da gwajin amsa-kuwwar da ƙwayoyin gashi na waje ke mayarwa, da gwajin tsokar kunnen tsakiya wadda ke ɗaurewa in ƙara ta yi yawa. Binciken da aka yi a Faransa kan ɓeraye ya nuna wasu daga cikin sinadaran nan suna dagula wannan ɗaurewar. Ke nan sun raunana mai gadi sannan ƙara ta shigo.

Nas_Jamila:
A takardar tambayoyin da ake yi wa ma'aikata kada a manta da magungunan da su ma ke taɓa ji. Jentamaisin da danginsa, sisfilatin na ciwon daji, furosemaid mai yawa. Wanda ke kan ɗayansu kuma yana aiki a ƙara, likitan da ya rubuta ya kamata ya san irin aikinsa.

SaniTsaro:
To a taƙaice a raba wa kowa abin toshe kunne mai babbar lambar rage ƙara, a huta.

Abu_Zayyan:
Malam Sani ka sake jawo mu. Toshiya ba ta hana abin da ke biyowa ta jini. Kuma lambar jikin kwali a ɗakin gwaji aka samo ta, da ƙwararre ya cusa wa mutum. A aikace OSHA na cire 7 daga lambar ta raba biyu: mai 29 ya koma 11. Ta soso sai an murza ta ta zama siririya ba lanƙwasa, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe kamar daƙiƙa 30 ta kumbura. In ka kalli mutum ta gaba kana hango ta a waje, ba ta shiga ba. Cire ta na rabin awa kacal cikin awa 8, komai kyanta, kariyar yinin ba za ta wuce desibel 12 ba. Haɗa toshiya da marufi kuma ba tara lambobinsu ake yi ba, kimanin 5 ake ƙarawa kan mafi girma. Auduga kuwa ba ta cikin lissafi.

Injiniya_Bashir:
Kuma toshiya ita ce ta ƙarshe a jeri. Kafin ita: canza tawada ko fenti zuwa mai ruwa, rufe durom da kwandon tsummoki, sa zuƙo iska daidai bakin inda tururi ke tashi. Amma ga abin dariya da sai mai kallon biyun tare zai gani: fankar zuƙo iskar da aka sa don rage tururi ita kanta na iya ƙara desibel da yawa in an zaɓi ƙarama mai gudu sosai. Akwatin da aka rufe inji da shi don rage ƙara kuma na iya tara tururi, wanda zai buɗe ƙofarsa ya sha shi gaba ɗaya. Babbar fanka mai juyawa a hankali, a waje, da abin shanye ƙara a bututun, ita ce ke raba gardama. Bindigar iska ta share ƙura a rage mata matsi a sa mata baki mai ramuka da yawa.

Ummu_Hanifa:
Yanzu na ga haɗin. Sai dai wata tambaya: wanda ke son ya bi wannan layin, me zai karanta?

Dr_Lissafi:
Ƙofofin da yawa ne. Wasu daga ilimin ji suke shigowa, wasu daga tsabtar wurin aiki, ilimin guba, injiniyanci ko likitancin ma'aikata. Duk ta inda aka shigo, lissafin ƙididdiga da ilimin yaɗuwar cututtuka ba makawa. Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Rabin lokacin yana tafiya ne wurin neman izinin kwamitin ɗa'a, lallashin masu masana'anta su buɗe ƙofa, da tabbatar wa ma'aikata cewa sakamakon kowa sirri ne, ba za a kai wa shugabansa a sallame shi ba. In ba su yarda da wannan ba, ba za su gaya maka kunnensu na kuka da dare ba.

Malama_Rabi:
Ni ban yarda dole sai da digirin digirgir ake ba da gudummawa ba. Jami'in da ya adana gwajin ji na shekara 10 a tsare, da na'ura mai takardar daidaitawa, da sunan sashen kowa da sinadarin da ke wurin, ya tara abin da mai bincike zai yi shekaru yana nema.

Dr_Lissafi:
In an rubuta sinadarin. Yawancin fom ɗin gwajin ji ba su da gurbinsa ma.

HauwaLab:
To tambaya ga Dakta da Injiniya: wurin da ƙara take 82 kuma sitayirin yana rabin iyaka, a sa su a gwajin ji na shekara-shekara ko a'a? Doka ba ta tilasta ba.

Dakta_Kunne:
A sa su. ACGIH ma tana yi wa irin waɗannan sinadarai alamar OTO don a tuna da kunne.

Injiniya_Bashir:
Ni kafin in amsa sai na ga littafin Malama Rabi. 82 na ƙugi mai ɗorewa daban, 82 da aka samu daga shiru da bugun guduma jefi-jefi daban. Masu faiba suna shafa ƙaron faiba (resin) da safe, su yanka su goge da yamma, matsakaicin yini zai ɓoye duka biyun. Hauwa, dosimitar taku tana ajiye bayanin minti-minti ko jimilla kaɗai take bayarwa?